Yadda Ake Ɗauke Hoton da Aka Buga a Mayar da Shi Kan Katin Gaisuwa na Hannu

Wata malama da ke haɗa katunan gaisuwa da hannunta, na barka da Sallah da na suna da na taya murnar aure, ta aiko da tambaya. Ta ce ta ga ana ɗauke hoto daga takardar da aka buga shi a mayar da shi kan kati, har ya fito kamar a jikin katin aka zana shi. Sai ta buga hoto da firintar gidansu, ta shafa masa farin gam, ta kifa shi a kan kati, bayan ya bushe ta jiƙa bayan takardar tana murzawa da yatsa. Launukan suka zube suka cakuɗe, katin ya kumbura ya lanƙwashe, ɗan rubutun da ya tsira kuma ya fito a juye. Tana son ta san inda ta kuskure, da kuma hanyar da ta fi dacewa da mai ƙaramin jari.

Malama, kafin mu je ga batun gam da ruwa, ya kamata mu fara da abin da ke kan takardar da kika buga, domin a nan aikin ya lalace tun kafin ki taɓa katin. Injinan buga takarda da muke mu'amala da su kullum iri biyu ne. Akwai firinta mai tawadar ruwa, wadda aka fi ajiyewa a gida saboda araharta, akwai kuma firinta ta leza da injin fotokwafi, waɗanda ke aiki da hodar da masu shago ke kira tona. Tawadar ruwa launi ce da aka dama cikin ruwa, injin yana fesa ta ɗigo-ɗigo, takarda kuma tana shanye ta kamar yadda farin yadi ke shan baba a marina. Da zarar ta shige cikin zaren takarda babu sauran abin da za a ɗauke, idan kuma ruwa ya sake taɓa ta sai ta tashi ta malala, wanda shi ne abin da kika gani da idonki. Ita kuwa tona garin roba ce mai laushin gaske da aka gauraya da launi. Injin yana jera ta a kan takarda da irin lantarkin nan da ke sa mayafi ya manne wa jiki a lokacin hunturu, sannan ya bi da takardar ta tsakanin ƙarfe da roba masu zafin da ke kusantar digiri 200 a ma'aunin salshiyas, hodar ta narke ta daskare a saman takardar. Dalilin da ya sa takardar fotokwafi ke fitowa da ɗumi ke nan, kuma idan kika shafa yatsa a kan babban baƙin rubutu za ki ji ɗan tudu mai santsi.

Wani Ba'amurke mai suna Chester Carlson ne ya fara cin nasarar gwada wannan dabara, ranar 22 ga Oktoba, 1938, a unguwar Astoria ta birnin Niyok, kamfanin da daga baya aka san shi da suna Xerox kuma ya fitar da injin da ya yaɗa ta cikin ofisoshi a shekarar 1959. Abin da ya shafe mu a cikin wannan tarihi shi ne cewa tona wata siririyar fatar roba ce da ke zaune a bisa takarda ba tare da ta nutse a cikinta ba. Ruwa ba ya narkar da ita, amma zafi yana narkar da ita, wasu sinadarai ma suna narkar da ita, abu mai danƙo kuma yana iya riƙe ta ya raba ta da takardar da take kai. Duk wata hanyar ɗauke hoto da za ki ji labarinta, a kan ɗaya daga cikin waɗannan take tafiya. Saboda haka ki bar firintar gida ta yi aikin wasiƙu, ki kai hotonki shagon da ke da injin fotokwafi ko firinta ta leza. Idan kina shakkar irin injin da aka buga miki da shi, ki jiƙa yatsa ki shafa a gefen hoton. In launi ya biyo yatsan to tawadar ruwa ce, in bai motsa ba to tona ce.

Sai batun rubutun da ya fito a juye. Tunda kifa hoton ake yi fuska da fuska da katin, dama za ta koma hagu kamar hatimi, don haka dole a juya hoton a kwamfuta kafin a buga shi, juyi irin na madubi. Masu shagon da ke aiki da manhajar zane ta CorelDraw sun san maɓallin, amma kada ki dogara da cewa sun danna shi. Na taɓa karɓar aikin katunan taya murnar aure, na aika yaro shago da umarnin a juya, ya dawo da takardu na kama aiki cikin gaggawa ban duba ba, sai da na ɗaga na farko na tarar sunan amarya yana karantuwa daga ƙarshe zuwa farko. Tun daga ranar nake ajiye ƙaramin madubi a kan teburin aiki, kuma takardar da ba ta karantu daidai a cikin madubin ba, ba na kifa ta. Rubutun Larabci ya fi buƙatar wannan kulawa, domin idon da ya saba da boko yakan ga Larabcin da aka juya ya ɗauka daidai yake, ga shi kuma wasu manhajoji na tsinka haruffan kalma su ware su ɗaya-ɗaya.

Akwai wasu abubuwa da ya kamata a gyara a hoton tun yana cikin kwamfuta. Injin ba ya buga farin launi. Duk inda kika ga fari a hoto, farin takarda ne kawai aka bari, saboda haka idan kika mayar da hoton kan kati ruwan ƙasa, farar rigar da ke jikin hoton za ta zama ruwan ƙasa, a kan baƙin kati ko shuɗi mai duhu kuwa ba abin da zai fito. Sannan kowace hanya tana rage wa hoto ƙarfi, don haka ki sa a ƙara masa bambanci tsakanin haske da duhu fiye da yadda ido ke so a fuskar kwamfuta. Zanen layi, irin su fure da kubbar masallaci da jinjirin wata da dagin Arewa da manyan haruffa, sun fi fuskar mutum fitowa da kyau, domin fuska inuwa ce mai laushi wadda ba ta jure rashin ko da kaɗan daga cikin hodarta. Idan ta WhatsApp za ki aika wa mai shago hoton, ki aika shi a matsayin fayil, domin in aka aika shi yadda aka saba manhajar tana matse shi ta rage masa kaifi. Hoton da zai cika fuskar ƙaramin kati yana buƙatar fiksel, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto a kwamfuta, kusan 1240 a faɗi da 1748 a tsawo kafin ya fito sarai. Takardar da za a buga a kai kuma ta zama ta ofis ta yau da kullum, mai giram 70 ko 80 (nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar ke nan, wanda da shi ake gane kaurinta), mafi araha. Takarda mai kauri ko mai sheƙi wahala kawai za ta ƙara miki.

Yanzu ga katin da ya kumbura. Takarda zare ne da aka matse, idan gefe ɗaya ya sha ruwa ɗayan yana bushe, jiƙaƙƙen ya miƙe busasshen ya tsaya, dole ta lanƙwashe, kuma ko ta bushe ba ta komawa yadda take. Shawarar da nake bai wa duk wanda ya zo koyo wurina ita ce kada ya mayar da hoto kai tsaye kan katin da za a naɗe. A yi aikin a kan wata 'yar takarda dabam, in ya yi kyau a yanke gefenta a manna ta a fuskar katin, in ya ɓaci kuma an yi asarar ƙyallen takarda ne kawai, katin yana nan lafiya. Idan kika raba kati mai girman A4 biyu za ki sami A5 guda biyu, kowanne milimita 148 da 210, in aka naɗe shi ya zama A6, wato milimita 105 da 148, wanda ke shiga ambulan mai lamba C6 daidai. 'Yar takardar hoton sai ta zama kamar milimita 90 da 130, don a bar mata fili ta kowane gefe. Katin kansa ya kasance mai giram 250 zuwa 300, don ya iya tsayuwa a kan tebur.

Hanyar da na fi so, wadda kuma nake ganin ta fi dacewa da ke, ita ce ta sinadarin asiton, saboda babu ruwa a cikinta ko kaɗan, kuma abin da take bayarwa shi ne ainihin abin da kika kwatanta, wato hoton da ya shige jikin takarda ba tare da tudu ko sheƙi ba. Ba sabuwar dabara ba ce. Mai zane ɗan Amurka Robert Rauschenberg ya yi fice da irinta tun wajajen 1958, yana jiƙa hotunan jaridu da mujallu da sinadari yana murza bayansu da biron da tawadarsa ta ƙare. Asiton shi ne tushen yawancin ruwan goge jan farce, sai dai wanda ake sayarwa don farce sau da yawa an gauraya shi da mai da turare da ruwa, man kuma yana barin tabo a takarda, wasu ma an rubuta a jikin kwalbarsu cewa babu asiton a ciki sam. Ki nemi tsantsarsa a wurin masu sayar da sinadaran haɗa sabulu da fenti, ko wurin masu kayan gyaran farce. Gwajinsa mai sauƙi ne, ki ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda, tsantsa zai bushe nan take bai bar alama ba.

Ga yadda aikin ke tafiya a kan tebur. Ki sami wuri mai tauri da santsi, kamar gilashi ko tayil, domin tebur mai taushi yana shanye ƙarfin hannu. Ki shimfiɗa 'yar takardar da za ta karɓi hoton, wadda ya kamata ta zama mai santsi marar sheƙi, domin mai kaushi tana karɓar hoda a tudunta ne kawai ta bar kwarinta fari, mai sheƙi kuma sinadarin na iya ɓata rufinta. Ki kifa hoton a kai, ki kama gefensa na sama da salatif ɗin takarda, ta yadda za ki iya ɗaga shi kamar murfin littafi ki leƙa ki mayar ba tare da ya goce ba. Ki ɗiba asiton a ɗan dunƙulen auduga, ki matse shi a wata takarda har ya zama danshi kawai, sannan ki shafa a bayan hoton, wuri kaɗan, kamar faɗin murfin kwalbar lemo. Nan take za ki ga takardar ta yi shara-shara, hoton ya bayyana ta baya. Wannan ne lokacin, sai ki ɗauki cokali ki murza wurin da bayansa da ƙarfi, kina zagayawa, kafin takardar ta koma fara. Daƙiƙoƙi kaɗan ne a hannunki, domin asiton yana tafasa ne a digiri 56 kacal, a busasshiyar iskar hunturu kuwa kusan kafin ki ajiye audugar ya tashi. Haka za ki bi hoton gaba ɗaya, wuri bayan wuri, kowanne yana ɗan hawa kan na baya don kada layi ya fito a tsakani.

Kuskuren masu koyo kusan kullum ɗaya ne, wato yawan sinadari. Idan audugar tana ɗiga, tonar za ta narke ta zama ruwa, cokali kuma ya tura ta gefe, haruffa su yi gemu. Idan kuma ya yi kaɗan ko aka yi jinkirin murzawa, hoton zai fito dishi-dishi. Tsakanin waɗannan biyun hannu ne ke koyo, kuma a ganina mutum yakan ɓata takarda goma ko fiye kafin ya kama shi. Wani abin da na lura da shi a aikina shi ne cewa bugun da aka yi yau ya fi na makon jiya sakin hodarsa, kuma injina sun bambanta ƙwarai. Akwai tsofaffin injinan fotokwafi da hodarsu ke saki kamar ana roƙonta, akwai kuma sababbin firintoci masu launi da asiton ba ya motsa hodarsu sai da ƙyar. Idan kika sami shagon da bugunsa ke karɓar aikinki, ki riƙe shi. Masu zane a ƙasashen waje suna amfani da wani alƙalami marar launi mai ɗauke da sinadarin zailin, wanda ke jinkirin bushewa ya ba hannu lokaci, amma warinsa ya fi na asiton illa, ba na kuma ba da shawararsa ga mai aiki a cikin ɗaki.

Wajibi ne in tsaya a kan batun lafiya, domin a gida za ki yi aikin. Asiton yana kama wuta da sauri ƙwarai, tururinsa ma kaɗai ya isa, saboda haka kada a yi wannan aiki kusa da risho ko gas ko kaskon turaren wuta ko fitilar kwai. A yi shi a baranda ko tsakar gida ko gaban taga a buɗe, a zuba kaɗan a murfin ƙarfe ko ƙaramin kofin gilashi a rufe kwalbar, a kuma ɗaga ta daga inda hannun yara ke kai. Yana busar da fata, yana kuma cin fentin tebur da wasu robobi. Za a ce miki fetur ko kananzir ko tinar masu fentin mota ma suna yi. Kananzir yana barin mai da wari a kati, fetur haɗarinsa ya fi amfaninsa nesa ba kusa ba, tina kuma gauraye ce da ba ki san abin da ke cikinta ba. Sifirit na kemis shi kuma ba ya narkar da tona yadda ake buƙata.

Idan akwai ƙananan yara a gidan, ko ƙirjinki ba ya son wari, akwai hanyar salatif, wadda ruwan ɗumi kawai take buƙata, kuma ruwan ba ya kusantar katin. Ki sami salatif mai faɗi wanda ake ganin abu ta cikinsa, irin na ɗaure kwali, wanda faɗinsa yake kusan milimita 48, ki manna shi a fuskar hoton a hankali daga gefe ɗaya don kada iska ta shiga, ki murza shi sosai da cokali, ki yanke, ki jefa cikin kwanon ruwan ɗumi na 'yan mintoci. Daga nan ki murza bayan da babban yatsa, takardar za ta riƙa fita dunƙule-dunƙule kamar dusa, ta bar hodar manne da danƙon salatif. In ya bushe kika ga fari-fari, sauran zaren takarda ne, ki sake jiƙawa ki murza. Abin da za ki samu hoto ne garai-garai kamar a jikin gilashi, wanda danƙonsa ke dawowa a wuraren da babu hoda, sai ki manna shi a kan takarda mai haske. A wannan hanya ba a juya hoto, domin ta gaba ake kallonsa. Aibinta shi ne sheƙi, da ƙarancin faɗi, da kuma cewa salatif mai araha yana yin rawaya da tsufa, danƙonsa kuma yana tsattsafowa ta gefe a lokacin bazara. Ta dace da ƙananan hotuna da katunan yara, amma ba zan yi wa surukai katin Sallah da ita ba.

Hanyar da kika gwada, ta shafa abu mai danƙo a kifa a bari ya bushe a murje takardar, hanya ce ta gaskiya, sai dai da jel ɗin akirilik ake yinta, wanda ake samu a shagunan kayan zane. Bambancinsa da farin gam na kafintoci shi ne cewa akirilik in ya bushe ya zama roba wadda ruwa ba ya mayar da ita baya, shi kuwa farin gam yana sake yin laushi da fari idan ya jiƙa, sai yatsa ya kwashe gam da hoto tare. Ana shafa jel ɗin a fuskar hoton da burushi, daidai wa daida, a kifa, a kori iska da gefen tsohon katin banki daga tsakiya zuwa waje, a bar shi ya kwana; da damina ma a ƙara masa yini. Sannan a jiƙa bayan da soso a murza a hankali, a bari ya sha iska, a sake, sau biyu ko uku. Launi yana fitowa da ƙarfi a wannan hanya fiye da ta asiton, amma tunda akwai ruwa, abin da zai karɓi hoton dole ya zama mai jurewa, kamar takardar masu zanen fentin ruwa mai giram 300. Ni dai abin da na fi jin daɗinsa shi ne yin ta a kan ƙyallen farin yadin auduga, irin ragowar da ake samu a shagon tela. In an gama sai a zare zaren gefensa kaɗan ya yi geza, a manna ko a ɗinke shi a fuskar katin, ya fito da wani kyau da injin buga kati ba ya iya kwaikwayo.

Game da dutsen guga ba zan tsawaita ba. Ana kifa bugun tona a goge bayansa da dutse mai zafi ba tururi, hodar ta narke wani sashenta ya koma ƙasa, amma abin da ke fitowa a takarda yawanci dishi-dishi ne, zafin kuma yana lanƙwasa kati, dutsen gawayi kuwa ba a iya daidaita shi. Haka nan idan babu abin da kike da shi sai firintar gida, kina iya buga hoto a kan santsin takardar da ake ɓare sitika daga jikinta; tawadar ba ta samun wurin shiga, tana zama a jiƙe, sai a kifa ta nan take a kan kati a danna ba tare da gocewa ba. Hoton yana fitowa da laushi kamar tsohon zane, amma ɗigon ruwa ɗaya ko gumin hannu ya isa ya ɓata shi.

Inda zafi ke da amfani na gaske shi ne rubutun zinare, kuma ina ganin wannan zai yi miki amfani a katunan Sallah da na aure. Akwai wata siririyar leda mai ƙyalli, foyil, da aka yi musamman don ta kama tona. Ana buga rubutun da baƙar tona a kan takarda yadda yake, ba juyi, a ɗora foyil ɗin a kai gefen ƙyallinsa yana kallon sama, a sa su cikin naɗaɗɗiyar takarda a bi da su ta injin laminatin mai zafi. Tonar tana yin laushi ta kama ƙyallin, in ya huce aka ɓare ledar, duk inda baƙi yake ya zama zinare ko azurfa, sauran wurin kuma ba abin da ya taɓa shi. Sharaɗinsa takarda mai santsi, da baƙi mai kauri, da rashin ƙura, domin kowane ƙwayar ƙura ɗigon baƙi ne a tsakiyar zinaren. Ƙananan firintoci da yawa ba sa iya jan kati mai giram 300, wanda wani dalili ne kuma na yin aikin a 'yar takarda dabam.

Wajen haɗa katin, kada ki naɗe shi da hannu haka kawai, bayansa zai tsage. Ki ɗora rula a tsakiya ki ja layi da biron da ya ƙare ko bayan wuƙa, ki naɗe a kan layin. Kati yana da gefen da zarensa ya bi; ki ɗan lanƙwasa shi ta tsaye da ta kwance, gefen da ya fi sauƙin lanƙwasuwa shi ne wanda naɗi ke yin kyau a kansa. 'Yar takardar hoton kuma ki manna ta da salatif mai danƙo biyu ko gam na sanda, domin gam mai ruwa zai dawo miki da kumburin da kika gudu, sannan ki danne katunan da littattafai masu nauyi su kwana. Wajen ajiya ki sa farar takarda tsakanin kati da kati, kada kuma ki sa su cikin ledar nan mai taushi irin ta jakar takardun makaranta, domin sinadarin da ke sa irin wannan roba laushi yana narkar da tona har rubutu ya koma jikin ledar. Duk wanda ya taɓa ciro tsohuwar fotokwafin takardar shaida ya tarar da inuwar rubutunta a jikin leda ya ga wannan.

Akwai abu biyu da ba na sana'a ba ne amma mai sana'a ba ya rabuwa da su. Hanyar salatif da ta jel suna barin dusar takarda a cikin ruwa, ta asiton kuma tana barin takardar da inuwar rubutu ke jikinta, saboda haka idan katin yana ɗauke da aya ko sunan Allah, ki tanadi wurin tara waɗannan ragowar don a kawar da su yadda ya dace, maimakon su bi kwata ko kwandon shara. Ni kaina na fi son in tsaya a kan kalmomin gaisuwa da addu'a da Hausa a irin wannan aiki, tunda ba a san inda kati zai ƙare ba bayan an karanta shi. Na biyu, hoton amarya ko na jariri da aka turo miki don kati ɗaya, ba naki ba ne da za ki sa shi a tallan aikinki sai da izinin masu shi.

Game da jari kuwa, ki sani kowane bugu sau ɗaya yake aiki, don haka ki sa a jera miki hotuna huɗu a takardar A4 guda. Kuma wannan sana'a ta katunan da ba su da yawa ce, goma ko ashirin, waɗanda mai saye ke biya saboda babu biyu da suka yi kama sak, da ɗan gurbin da hoda ba ta kama ba da alamar cokali a gefe. Idan aka kawo miki aikin katin gayyatar biki ɗari biyu, ki kai shi maɗaba'a, ki ƙara masa adon hannu in kina so. Kafin ki sayi komai da yawa, ki haɗa takardar gwaji guda mai ɗauke da babban rubutu da ƙaramin rubutu da zanen fure da fuskar mutum, a juye, ki sa a buga miki ita a shaguna biyu ko uku na unguwarku, ki rubuta a bayan kowace inda aka buga ta. Ki gwada su duka da asiton a rana ɗaya, a kan irin takardar da za ki yi aiki da ita, da sassafe kafin iska ta yi zafi.